Hoton Garken Da Ban Sayar Ba

Na ɗauki hoton mutane ba iyaka a rayuwata, yawancinsu ko na gamu da su a hanya yau ba zan gane su ba. Amma akwai wani aiki da aka taɓa yi mini tayinsa a Birnin Gwari zamanin Turawa, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, wanda ba zai fita raina ba muddin ina numfashi.

A lokacin ni kaɗai ne mai hoto a garin. Kyamarata irin ta akwati ce mai ƙafa uku, sai ka cusa kai cikin baƙin ƙyalle kafin ka ga mutum, shi ma a kife. Hoton mutanen gari bai isa ya riƙe gida ba, don da yawa suna ganin sana'ar marasa abin yi ce. Abin da ya rufa mini asiri shi ne wani kanti a Kaduna mai sayar wa Turawa katin gaisuwa mai hoto, wanda suke aikawa gida. Nakan ɗauki kasuwa, ko rumbuna a Gayam, ko masu sussukar dawa a Kutemeshi, in wanke in aika. Nagatif kuwa, wato baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, yana hannuna cikin gwangwanin biskit. Duk katin da ya ƙare sai su aiko in sake wanko musu, su sake biyana. Akwai hoton wata Bagwariya ɗauke da itace a kafaɗa, wanda ya yi shekaru yana sa mana gishiri a miya.

Wata rana bayan kaka, sai ga wani Bature ya tsaya da mota a ƙofar shagona. Wakilin wani kamfanin buga kalanda ne, ya ga katunana a Kaduna. Ya zauna a bencina ba girman kai, ya yi mini bayani da Hausarsa mai tuntuɓe. Suna son in yi ranin nan gaba ɗaya ina zaga ƙauyuka da daji ina ɗaukar musu hotuna. Kuɗin mota nasu, abinci nasu, fim nasu, ga lada mai kauri, ga kuma sabuwar kyamara ta rataya a wuya wadda za ta zama tawa in an gama. Ya miƙo mini ita in taɓa. Wallahi har yau ina jin ƙamshin fatar gidanta. Sharaɗi ɗaya ne, duk fim ɗin da na ɗauka zan miƙa shi ba a wanke ba, nagatif ya zama nasu har abada.

Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara, ya bar mini kyamarar a shago har ya dawo. Uwargida kam ba ta ga abin shawara ba. Ta ce tun da ta zo gidan nan take fama da warin ruwan wanke hoto a ɗakinta, yanzu Allah ya kawo masu kwashe warin su kai Kaduna, har su biya, ina ta jan ƙafa. Ni kuma na yi ta aunawa a raina. Aikin kanti kaɗan-kaɗan ne amma ba ya yankewa, na kamfani kuwa sau ɗaya za a biya ka, hoton ya yi ta haihuwa a gidan wani. Sai dai duk sanda na kai nan, sai in tuna da kyamarar nan, in ji lissafin ya watse. Gaskiya zuciyata ta riga ta karkata ga karɓa.

Abin da Baturen ya fi ƙwallafa rai a kai shi ne hoton babban garke a mashaya, can cikin daji, mai shi yana tsaye a gaba da sandarsa. Na ce wannan mai sauƙi ne, don ina da aboki, wani dattijon Bafulatani da rugarsa ke bayan ƙauyen Saminaka, nan kusa da mu. Tun ina saurayi nake kai masa gishiri da kanwa, yana sallamata da man shanu. Na hau keke na tafi in shirya da shi tun kafin in ba Bature amsa, na ɗaura tsohuwar kyamarata a baya don in gwada hasken wurin.

Ya saurare ni har na gama. Aka kawo fura muka sha. Sannan ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Muka bar keke a ruga, muka nausa daji a ƙafa, ni da akwati a kafaɗa, ƙaya na ta kama mini riga. Sai da rana ta karkata muka gangara wani kurmi mai ruwa. Nan na tsaya cak. Shanu ne farare tas sun cika kwarin, waɗanda na saba gani a ruga ba su kai ko kusa da su ba. Na san ana ɓoye shanu saboda jangali, harajin da ake karɓa a kan kowace saniya, kowa ma ya sani. Amma sani daban, a kai ka har wurin daban.

Ina kafa ƙafafun kyamara sai ya ce, a hankali, "Mai hoto, in ka ɗauka, ina hoton zai kwana?"

Na ce Kaduna, daga nan ƙila har Ingila, a buga shi a kalanda.

Ya ce, "Irin takardar nan da ke rataye a bayan malamin jangali?"

Na ce irinta.

Ya jinjina kai, yana kallon shanunsa. "Ranar ƙirga sukan motsa, malami ya rikice, ya gaji, ya rubuta abin da ya samu. A takarda kuwa tsaye suke. Yana cin goronsa zai ƙirga su, ga kuma fuskata a gaba." Sannan ya ce, "Amma in abincinka ne, ɗauka."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai. Wanda ya zauna da Fulani ya san dattijo irinsa ba zai dubi baƙon da ya sha furarsa ya ce masa a'a ba. Ya gwammace a zo a ci shi tara, ya sayar da shanun da ya gada. Shi ya sa bai hana ni a ruga ba, ya kawo ni in gani da idona, ya bar mini hukuncin. Ban ce ɓoye shanu daidai ne ba, amma ni ba malamin jangali ba ne, kuma ba a matsayinsa aka shigo da ni kurmin nan ba.

Na ce, "Baffa, zan ɗauka, amma da wannan tsohuwar. Nagatif ɗinta a gwangwanina yake kwana." Ya gyara tsayuwa ya riƙe sanda, na shiga baƙin ƙyalle na ɗauka sau ɗaya.

Da Baturen ya dawo, na tambaye shi ko za su yarda in riƙa wanke fim da kaina, in zaɓi abin da zai fita. Ya ce ba shi da iko, ƙa'idar kamfani ce. Ba mugun mutum ba ne, har ya ce zai ƙara mini lada. Na tambaye shi me ya sa ba za su turo mai hoto daga Kaduna ba, tunda akwai waɗanda suka fi ni. Ya yi dariya ya ce ai su ba wanda zai buɗe musu ƙofa a ƙauye. A nan na gane abin da ake saye. Ba gwanintata ba ce, yardar da mutane suka yi da ni ce, kuma ita ba tawa ba ce balle in sa mata farashi. Na mayar masa da kyamararsa na ba shi haƙuri. Raina ya sosu sosai da na ga ya sa ta a mota.

A gida kuwa na sha cin tuwo ba man shanu har na gaji. Uwargida takan ce wa maƙwabta mijinta ya fi ƙarfin sabuwar kyamara. Ban iya yi mata bayani ba, don bayanin ma tona asiri ne.

Shekaru suka shuɗe, Turawa suka tafi, dattijon ya rasu, daga baya jangalin ma aka daina. Sannan ciwon bushiya ya shigo daji ya yi wa shanu kaca-kaca. Wata safiya wani magidanci ya yi sallama a shagona, ya ce shi ɗan dattijon nan ne, garkensu ya ƙare sai 'yan ƙalilan. Mahaifinsa ya taɓa gaya masa akwai hotonsu a wurina. Na buɗe gwangwani na wanko masa, karo na farko ke nan da hoton ya ga haske. Ya zauna a benci ya ɗora shi a gwiwa, yana bin shanun da yatsa yana kiran sunayensu da Fillanci. Ya tsaya a kan wata mai dogon ƙaho ya ce, "Baba, wannan ce uwar saniyar da aka ba ni ranar sunana." Ya rufe fuska da hannun riga. Ni ma na juya ina gyaran abin da bai lalace ba.

Tun daga wancan rani, duk aikin da aka kawo mini, kafin in tambayi nawa za a biya, nakan fara da tambayar da dattijon ya yi mini a bakin ruwa, ina hoton zai kwana. In ba ni da iko da amsar, komai kyan ladan, nakan bar shi ya wuce.