Kwanciyar Gwaggo Hawa Uku

A otal ɗin ba mai kiran ta da sunan yanka. Daga maigadi har masu girki, Gwaggo Hawa Uku suke cewa, don hawa na uku nata ne: ɗakuna goma sha shida, shekara ashirin da shida tana gyara su. Gajeriya ce, kakkaura, ga baki kamar reza. In ta turo kekenta na kayan aiki, tun kafin ka gan ta za ka ji tayar hagu tana kuka, ƙiiƙ, ƙiiƙ. An sha cewa ta kawo a ɗiga mata mai, ta hana. Wai gara baƙo ya ji tana tafe ya nemi wandonsa.

Gado kuwa, in Gwaggo ta gyara shi, sai ka ji kunyar zama a kai. Ta ja zanen ta soke kusurwa huɗu, ta mari matashin kai sau biyu ya tashi ya zauna, sannan ta ja da baya tana hararar sa kamar yaron da ya yi laifi. Duk sababbin ma'aikata ta hannunta suke bi, ita kuma ba ta iya lallashi ba. "Wannan gado ne ko makwancin akuya? Kwance ki sake." Sun sha kuka a hannunta, amma yau wasunsu su ke shugabantar masu gyaran ɗaki a manyan otal-otal, kuma in suka haɗu da ita a hanya sai sun rusuna. A gida ma ita ce bango. Malam, mijinta, direba ne da, har idanunsa suka yi rauni ya ajiye tuƙi. Shi da jikoki biyu, da aikin hawa na uku suke ci.

Abu ɗaya ne take yi wanda ba ta taɓa koya wa kowa ba. A ƙasan kekenta akwai wani farin zani a ninke, nata na kanta, kullum wankakke. In ta share ɗaki, ta wanke banɗaki, ta shimfiɗa zanen gado, to kafin ta ɗora bargo sai ta tura ƙofa, ta cire takalmi, ta baza zaninta, ta hau ta kwanta rigingine, kanta a kan matashi. Minti biyu, wani lokaci uku. Sannan ta sauko, ta gyara abin da za ta gyara, ta ja shimfiɗar ta koma sumul kamar ba a taɓa ba.

Asalin abin, a shekararta ta farko wata tsohuwa ta sauka a otal ɗin, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku. Gwaggo, lokacin tana sabuwar ma'aikaciya mai ji da kanta, ta goge ɗakin har yana ƙyalli, ta tsaya tana jiran yabo. Tsohuwar ta matsa gefe ta buga katifa ta ce, "Zo, 'yar nan, kwanta nan ki ga abin da nake kallo tun shekaranjiya." Ta kwanta. Sai ga ƙura ta yi gemu a kan fukafukan fanka, ga saƙar gizo a bayan ƙarfen labule, ga matattun ƙwari cike da murfin fitila. "Ke a tsaye kike gyara," in ji tsohuwar, "mu kuwa a kwance muke biya." Kunyar ranar ba ta bar Gwaggo ba har yau.

To, ana nan sai aka buɗe wani sabon otal a tsallaken titi, duk gilashi, ma'aikata 'yan kaɗan, kowa da waya a hannu. Baƙi suka fara tsallakawa. Manajan su Gwaggo, mutum mai tumbi da yawan gumi, ya tara ma'aikata ya ce zamani ya canja. Can tsallake mutum ɗaya ke gyara abin da mutum biyu ke gyarawa a nan. Don haka an ɗauko ƙwararriya za ta horar da kowa wata ɗaya, kuma wanda horon bai kama ba, sai haƙuri.

Ƙwararriyar ta iso da ƙaramar jaka da agogo rataye a wuya, doguwa, siririya, ba ta wuce sa'ar 'yar Gwaggo ta biyu ba. Kafin azahar an raɗa mata suna Malama Mai Agogo. Ta raba wa kowace mai gyaran ɗaki waya. Ki shiga ɗaki ki danna, ki bi matakai ashirin da biyu kina dannawa ɗaya bayan ɗaya, ki fito ki danna. Minti ashirin aka yanka wa kowane ɗaki. Wadda ta gama a ciki, sunanta ya fito kore a allon ofis. Wadda ta wuce, ja.

"Yanzu ni waya za ta ce wa in wanke masai?" in ji Gwaggo. "Ita ta taɓa wankewa?"

Aka kwashe da dariya, har Malama ta murmusa. Amma gaskiya, ba don a rage mata ba, Malama ta san aikinta. Ta nuna musu yadda za a jera kaya a keke don kada a yi ta kai da kawowa, da yadda ake zura matashi a riga ba tare da an danne shi da haɓa ba. Gwaggo ta taɓe baki a gaban jama'a, ta koma ɗaki ta gwada a ɓoye, ta ga ashe ya fi sauƙi. Dannawar ma ta koya, jikarta ta zaunar da ita a tabarma ta yi mata karatu, da ɗan yatsa ɗaya take dangwalawa kamar mai ɗanɗana miya.

Sai dai sunanta ya ƙi yin kore. Minti ashirin da uku, ashirin da biyu, ashirin da uku. Yaran da ta koya wa riƙe tsintsiya duk sun yi kore shar, ita kaɗai ce ja a ƙasan allo, kowa ya wuce sai ya gani. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ta san inda mintocin suke tafiya, kuma sau biyu ta gwada barin kwanciyar. Ta fito, ta danna, ta yi kore, amma zuciyarta ta ƙi kwanciya. Sai da ta koma ta buɗe ɗakin ta yi abinta a ɓoye.

Ranar Laraba ta makon ƙarshe, da hantsi, Malama ta hau hawa na uku don ta gano inda lokacin ke zurarewa. Ta ga keke a ƙofar ɗaki na tara, ta tura ƙofar a hankali. Ga Gwaggo nan shame-shame a gadon baƙi, takalma a ƙasa, hannuwa a kan ciki, ido a sama.

"Gwaggo! Barci?"

"Aiki nake."

"A kwance?"

"A kwance."

Kafin la'asar labari ya zaga har ɗakin wanki: an kama Gwaggo tana sharar barci a gadon baƙi. Manaja ya aika a kira ta. Ta tarar da shi yana goge wuya da hankici, Malama na tsaye a gefe, ga wata farar takarda a kife a kan tebur. Ba sai an faɗa mata ba, ta san takardar sallama ce. Ta tuna Malam zaune a ƙofar gida yana jiran ƙarar takunta. Amma abin da ya fi ƙona ta shi ne sunan da za ta fita da shi: shekara ashirin da shida, a ce barci ya kore ta.

"Gwaggo, kin san ina ganin girmanki," in ji Manaja. "Amma ja kullum, ga kuma wannan. Me zan ce wa masu otal?"

"Yallaɓai, ba zan roƙe ka ba. Abu ɗaya nake so. Wane ɗaki ne ya fi kowanne kore yau?"

Malama ta duba wayarta, ta ɗan gyara tsayuwa. "Na biyar a hawa na biyu. Ni na gyara shi da safe, ina nuna wa yara. Minti goma sha bakwai."

"Madalla. Mu je."

Suka sauka su uku, Gwaggo a gaba da zaninta a hammata. Ɗakin kam ya gyaru, ba ƙarya. Madubi na ƙyalli, tawul a jere, ƙamshi ko'ina. Gwaggo ta yaye bargo, ta baza zaninta.

"Bismilla, yallaɓai. Cire takalmi."

"Ni?"

"Kai ne mai sallamar, ai kai ya kamata ka ga laifin."

Manaja ya dubi Malama, ya dubi ƙofa, ya zare takalmi, sai ga safarsa da huda a babban yatsa. Gwaggo ta kau da kai don mutunci. Ya hau da nishi, katifa ta karɓe shi, ya sauke wata ajiyar zuciya da ta nuna rabonsa da hutu an daɗe.

"Kar ka lumshe ido, yallaɓai, kai ma za a ce barci kake. Me ka gani?"

Ya ɗaga ido. Can ya ce, "Kai! Mene ne wancan?"

A ƙarƙashin ɗan katakon da ke saman gado, inda ake ajiye waya da tabarau, cingam ne a manne, guda uku, sun bushe sun yi baƙi. Mai tsaye ba zai taɓa ganin su ba, amma mai kwance suna daidai saitin hancinsa.

"Juya dama."

Ya juya. Labulen ya bar 'yar kafa, rana ta shigo ta soke shi a ido, ya yamutsa fuska.

"Yanzu dubi sama, can ta wajen banɗaki."

Silin ya yi wani ɗan tabo mai ruwan ƙasa, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Manaja ya tashi zaune da sauri, don ya san ma'anarsa: bututu na yoyo a sama, in aka bar shi wata biyu silin ɗin zai sauko wa wani baƙo a ka.

Malama ta matso bakin gadon. Ta cire agogon daga wuya ta ajiye a kan durowa, ta zare takalmanta masu tsini, ta ce, "Yallaɓai, ɗan matsa." Ya sauka, ta kwanta. Ta daɗe tana kallon cingam ɗin nan.

"Otal goma sha ɗaya na horar," ta ce a hankali. "Ban taɓa kwanciya a ɗakin da na gyara ba. Gwaggo, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"'Yata, wa zan ce wa ina hawa gadon baƙi? Ai ga shi kin gani, kuma kin ga inda ya kai ni."

Manaja ya koma ofis ya yaga takardar. Malama kuwa a bakin gadon ta zauna, ta buɗe wayarta ta ƙara mataki na ashirin da uku: kwanta ki duba. Ta ce za ta ba shi daƙiƙa talatin.

"Minti biyu," in ji Gwaggo.

"Haba Gwaggo, daƙiƙa talatin ta isa a ga sama da gefe."

Gwaggo ta leƙa ƙofa ta tabbatar Manaja ya yi nisa, sannan ta rage murya. "Ta isa ido. Sauran na hutun gadon baya ne. Katifa goma sha shida nake ɗagawa kullum, 'yata. Kina tsammanin da me na kai shekara ashirin da shida ban karye ba? Yaran nan da kika mayar kore, ki dube su da yamma yadda suke dafa ƙugu a bakin titi. In kina so su daɗe muku, ki bar musu minti ɗaya da rabin nan."

Malama ta dube ta, ta dubi wayar. Ta goge talatin ta rubuta minti biyu, ta ƙara su a kan minti ashirin na kowane ɗaki.

Ranar Litinin Gwaggo ce ta ba da horon, mata tara a jere, kowacce an ba ta sabon farin zani. "Ku kwanta, ido a sama. Wadda na ji minsharinta, ni da ita ne." Sunanta ya yi kore ranar, ta tsaya a gaban allon ta kalle shi sosai, ta ce kore ɗin ma bai yi wani kyau ba.

Da ranar hutunta ta zo, bayan azahar, ta shiga ɗakinta ta miƙe a kan tsohuwar katifarsu. A da, kanta na taɓa matashi barci ke ɗauke ta, yau sai idonta ya tsaya a buɗe. Ashe kusurwar silin ɗinta saƙar gizo ce har hawa biyu, fanka kuwa ta yi gemu ya fi na ɗakin tsohuwar nan. Ta fashe da dariya har da hawaye. Malam ya lallaɓo bakin ƙofa yana tambayar lafiya, ta faɗa masa.

"In sa yara su kawo doguwar tsintsiya?"

"Bar shi, Malam," ta ce, ta gyara matashinta. "Yau ni ce baƙuwa."