Shaidar da Na Bayar Ranar Asabar

Ni dai ba wanda ya yi min komai. Wannan shi ne abin da ya fi ba mutane haushi, ni ma shi ya fi ba ni. Ina da aikina na buga tafireta a sakatariya tun da aka dawo da mu Lafia daga Jos, ga miji mai haƙuri, ga 'ya'ya biyu, ga ɗaki da falo muna haya a hanyar Azuba. Amma wata damina sai na wayi gari tsefe kaina ma ya gagare ni. In zauna a bakin gado da ɗankwali a hannu har rana ta take. Shinkafa na ƙonewa ina jin ƙaurinta, amma tashi in sauke ya zame min aiki. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ni dai kawai ba na son a waye gari.

Sau uku mai kemis yana ba ni maganin taifot. Na sha rubutu har haƙorana suka fara baƙi. Da na gaji, na ce wa maigidan ya kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da na ji daɗi. Cikin lallashi ya ce garin nan ƙarami ne, mai yankar kati a asibiti ba zai rasa ɗan'uwa a ofishinmu ba, kafin Litinin an gama yaɗa cewa na taɓu. Ya kuma tuna min muna da 'ya mace, wata rana za a zo binciken gidan da ta fito. Na bar maganar, don na san ba ƙarya ya yi ba.

Ana cikin haka yayarsa ta shigo maganar. Yaya nake ce mata. Mace ce mai jiki, mai baki kamar rediyo, ba abin da ba ta taɓa sayarwa ba, daga atamfa har man ja. A lokacin ta shiga cikin masu tallan wani maganin kafso na ƙasar waje, irin waɗanda kake kawo mutum shi ma ya kawo wani. Ta ajiye farar kwalba a kan teburina ta yi min karatu. Wai jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne jingim, kowace da ɗan janaretanta a ciki. In man janaretan ya ƙare sai ƙwaƙwalwa ta yi duhu kamar an ɗauke wuta, shi ne mutum zai zauna yana baƙin ciki ba dalili. Kafson nan, in ji ta, shi ne man.

Wallahi maganar ta shige ni. Ba don na gane ba, sai don ita ce ta farko da ba ta tambaye ni me na rasa ba.

Yaya ba ta yarda zan sha da kaina ba, saboda haka kullum ƙarfe bakwai na safe sai in ji okada ya tsaya a ƙofa. Ta tsaya a kaina sai na haɗiye, ta ce in buɗe baki ta gani. Daga nan ta zauna ta kama kaina da kitso, tana zagin labulena wai ya yi kama da tsumman goge tukunya, tana ba ni labarin wadda ta yi faɗa da wa a kasuwa. Wata rana na ji kaina ina dariya. Kafin wata biyu na koma aiki. Ba zan ci amanar kafson nan ba, wani abu ya ɗaga daga ƙirjina a lokacin. Amma ko shi ne, ko zaman Yaya ne, ko ciwon ne ya ga dama ya huta, har yau ban sani ba.

Masu tallan suna da taro duk Asabar da la'asar, a wani ɗakin taro da suke haya. Al'adarsu ita ce duk wanda ya ji daɗin magani sai ya tashi ya ba da shaida: ya faɗi yadda yake a da, in da hali ya ƙara gishiri, sannan ya faɗi yadda ya koma. Yaya ta ce min gaisuwa kawai zan je in yi. Ina shiga sai ga makirfo a hannuna. Na faɗi ɗankwalin, na faɗi shinkafar, sannan mai gabatarwa ya tambaye ni yanzu fa, na ce na warke. Aka yi ta tafi. Aka ɗauke ni hoto riƙe da kwalba, Yaya ta saka shi a shafin farko na albam ɗin da take yawo da shi gida-gida.

To, daga ranar na zama wadda ta warke. Abu na farko da warkewar ta jawo min shi ne Yaya ta daina zuwa da safe, tunda tana da wasu marasa lafiyar da za ta tsaya a kansu.

Da bazara ta kama, abin ya dawo, har ya fi na da nauyi. Na gaya wa maigidan, ya ce na sha maganin kuwa? Na gaya wa Yaya, ta rufe ƙofar falo ta ce in riƙa shan biyu, kuma don girman Allah kada maganar nan ta fita, mutum nawa suka saya saboda ni? A ofis kuwa turo min dangi ake yi su zo su gan ni da idonsu. A da tsoron a ce na taɓu ya hana ni asibiti, yanzu kuma ga tsoron a ce na yi ƙarya a gaban jama'a da makirfo. Na koyi shafa hoda, na koyi murmushi, na koyi cusa hannuwana cikin gyale don kada a ga suna rawa. Duk Asabar ina tashi ina maimaita labarin shinkafa, alhali da safiyar ranar ma na ƙona wata. Haushin kaina nake ji kamar in shaƙe wuyana. Shekara biyu ina cikin wannan.

Wata Lahadi Yaya ta zo min da wata dattijuwa daga Kwandere, manomiya, ƙafafunta duk kaushi. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a ƙasa. Da irin Hausarsu ta ce yarinyanta ya daina magana, ya daina zuwa gona, ya zauna a ɗaki kawai yana kallon bango. Ta ce an ba ta shawarar asibiti, har ta shirya, sai aka nuna mata hotona. Shi ne ta ce ba za ta yarda da hoto ba sai ta ji daga bakina.

“'Yata, tsakaninki da Allah, kin warke?”

Yaya tana tsaye a bayanta da albam a hammata. Ba ta harare ni ba, ba ta ƙifta ido ba, kallona kawai take yi irin na wadda ta yi min kitso wata biyu.

Na ce, “Na warke, Baba.”

Ta karɓi kwalba ta tafi, ba ta je asibitin ba. Ranar ko ruwa ban iya sha ba.

Bayan kamar wata uku sai ga su sun dawo, ita da Yaya da yarinyar, da doya ɗaure a bayan okada, wai godiya aka kawo min. Uwar sai washe baki take yi, yarinya ta tashi, har ta yi shara jiya. Yaya ta ce ai Asabar mai zuwa yarinyar ce za ta ba da shaida, an riga an gaya wa mai hoto. Suka fita sauke doya suka bar ni da yarinyar a falo.

Budurwa ce, ba za ta wuce ashirin ba. An shafa mata hoda, an ɗaura mata sabon ɗankwali, tana murmushi. Na duba hannuwanta, suna cikin gyale.

Na matsa kusa da ita na tambaye ta ko tana barci. Ta ce lafiya lau. Na tambaye ta ko tana jin ɗanɗanon abinci. Ta ce Alhamdu lillahi. Sai na zaro hannuwana daga gyale na ɗora a kan gwiwata, na bar ta ta ga yadda suke yi.

“Ni ma ban warke ba,” na ce mata.

Murmushin ya tafi. Ta daɗe tana kallon hannuwan, sannan ta ce a hankali, “To me ya sa kika gaya wa mamana?”

Na ce mata abu biyu kawai: kada ta yarda ta taɓa makirfon nan, kuma ran Litinin ta ce wa uwarta ina nemanta ta raka ni kasuwa. Ta gane kasuwar da nake nufi. Ran Litinin ɗin tare muka yanki kati a asibiti, ni da ita, a gaban mai yankar katin da na yi shekaru ina tsoro. Ko ɗaga kai bai yi ya dube mu ba.

Amma kafin Litinin akwai Asabar. Na ja Yaya gefe na ce yarinyar nan tana da kunya, kuma Hausarta ba ta fita sosai, za ta ɓata mata taro. Yaya ta yi tsaki ta ce an riga an sanar akwai shaida, wa zai cike gurbin? Na ce ni.

Na shafa hoda, na karɓi makirfo, na faɗi ɗankwalin, na faɗi shinkafar. Yarinyar tana zaune a layin baya kusa da uwarta. Mai gabatarwa ya tambaye ni yanzu fa, na ce na warke. Duk ɗakin ya ɗauki tafi, uwar har da miƙewa tsaye. Yarinyar kaɗai ce ba ta tafa ba.