Basile da Dokar da Ya Kafa da Bakinsa

Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu ya san ƙarar babur ɗin Basile Delcourt kafin ya san fuskarsa. Mai aikin rufin gidaje ne, shekararsa hamsin da tara, kuma rabin rufin garin nan shi ya hau ya ɗaura. Amma in ka ce "Basile mai rufi" sai an tsaya tunani. In ka ce "Basile mai supermoto", wato sunan irin babur ɗin da yake hawa, har tsohuwar da ke sayar da burodi za ta taɓe baki ta nuna maka gidansa can saman tudu.

Yana da shekara ashirin da shida ya je kallon tseren babura a garin Mettet, ya ga mutane a kan baburan daji da aka cire wa tayoyi masu gurza-gurza aka sa musu ƙananan tayoyin kwalta, suna shiga kwana a karkace, tayar baya tana zamewa, ƙafa ɗaya a miƙe tana sharar ƙasa. Ya dawo gida bai iya cin abinci ba. Kafin wata ya zagayo ya sayi nasa, kuma tun daga nan ba a sake samun kansa ba.

Ni dai ban taɓa ganin abin hawa marar kirki irin wannan ba. Sirdinsa siriri ne kamar katakon benci, sa'a ɗaya a kai sai ka sauko kana tafiya a buɗe. Tankin ɗan mitsitsi, kullum ido na neman gidan mai. Baƙin mai kuwa ba a lissafa shi da nisan tafiya, da sa'o'i ake ƙirgawa, kowace sa'a goma sai an juye. A babban titi iska ta yi ta marinka, hannuwanka su mutu saboda girgiza. Ko ƙafar jinginewa babu, sai ka nemi bango ko bishiya. Matarsa Maryse sau ɗaya ta taɓa hawa bayansa, suka je garin Dinant, ta dawo a bas, ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

In an jera masa waɗannan, Basile ba ya musu. Dariya yake yi ya ce, "Duk gaskiya ne. To amma ku ba ni kwanar hanya ɗaya mai kyau, ku riƙe sauran." Ya ce abin ba shi da nauyi, ka yi tunanin juyawa kawai ya riga ya juya, kuma a kwane-kwanen hanyar da ke gangarawa bakin kogi babu mai tsadar babur da ya isa ya ga bayansa. Takalminsa na hagu duk shekara sai an sake masa ƙasa, don kwalta ta cinye.

Kowace Lahadi, daga watan Afrilu har sanyi ya kama, su bakwai ko takwas suna haɗuwa a dandalin coci, gaban shagon shan kofi na Solange. A jingine babura a bango, a sha kofi, a yi wa juna tsiya, ƙarfe tara da rabi a tashi. Suna da doka guda: kowa shi zai tayar da nasa. Ba a buga wa wani kik, ba a tura wani. Wanda nasa ya ƙi tashi, ranar nan ya zauna.

Basile ne ya kafa ta, shekara ashirin da huɗu da suka wuce, kuma ba a zaune aka shawarta ba. Akwai wani dattijo a cikinsu, Baba Firmin, tsohon maƙeri, wanda shi ya koya wa yawancinsu hawa. Wata Lahadi nasa ya ƙi tashi. Ya buga, ya buga, gumi na zuba, ƙafarsa na rawa. Remi mahauci ya matso zai taimaka, sai Basile ya ɗaga murya daga kan nasa babur ɗin ya ce, "Bar shi, Remi! Wanda ƙafarsa ba ta iya tayar da babur ba, ba ta iya tare shi a kwana ba. Baba Firmin, ga kujera can kusa da taga." Aka kwashe da dariya, aka ja babura aka tafi. Firmin bai sake hawa ba. Ya sayar da babur ɗin kafin rani ya ƙare, kuma tun daga nan kowace Lahadi yana zaune a kujerar nan ta bakin taga da kofinsa.

Da zamani ya kawo babura masu maɓalli, waɗanda ake dannawa su tashi, samarin ƙungiyar suka saya. Basile ya raɗa musu suna injin wanki. Shekara da shekaru yana tsokanarsu, "Yau me za ku wanke mana, zannuwan gado?" Nasa dai tsoho ne, kik ɗinsa a hagu, mai taurin kai, wanda in ka kuskure masa sai ya mayar maka da bugun har cikin ƙugu.

Gwiwar hagun nan ita ta ɗauki komai: durƙuso a kan rufi shekara arba'in, bugun kik, da dukan kwalta a kowace kwana. A watan Nuwamban da ya wuce likita ya fasa ta ya sa masa ta ƙarfe. Ya ce masa zai yi tafiya, zai hau keke, zai ma iya rawa in ya so, amma ban da tsalle a kanta, ban da fizga. Basile ya ce to, ya fito ya ce wa Maryse likitan bai taɓa hawa babur ba.

Mako uku kafin fitar farko ta shekara ya fara shiga gareji da rana yana rufe ƙofa. Ya san aikin kamar sunansa: a taka kik a hankali har ya yi tauri, a ja ɗan ƙaramin hannun da ke sassauta matsin inji, a wuce da shi kaɗan, a saki, sannan a faɗa masa da dukkan nauyin jiki ba tare da an taɓa totur ba. Kansa ya sani, hannunsa ya sani. Ƙafar ce da zarar ya zo faɗawa sai ta noƙe, ita kaɗai, ba da izininsa ba. Maryse tana jin komai daga kicin. Sai ranar Asabar ta tanka, tana yanka albasa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Bai tashi ba ko sau ɗaya, Basile."

"Fulogi ne."

"Ka canza fulogi ranar Talata. Ka je ka sayi mai maɓalli mana, wa zai kashe ka?"

"Ni? Injin wanki?"

"To zauna da bakinka," ta ce, ta ci gaba da yanka.

Ranar Lahadi ya yi abin da bai taɓa yi ba. Gidansa a kan tudu yake, sai ya turo babur ɗin bakin titi, ya taka dutsen shinge ya hau, ya sake shi ya gangara. Da ya ɗauki gudu ya saki kuloci, injin ya yi tari sau biyu ya kama. Kai, zo ka ga Basile! Kwanar hanya biyar ce tsakanin gidansa da dandali, kuma a ta farko ya ji duk watannin sanyin nan sun zube daga kafaɗarsa. A ta uku, wadda ke karyawa hagu wajen gonar tuffa, ƙafar ta fita da kanta yadda ta saba, dunduniya ta taɓa kwalta, wani zafi ya harbe shi har ƙeya. Ya cije ya wuce. Yana dariya a cikin hular kwano, idonsa na ruwa, shi kansa bai san na wanne ba ne.

Dabararsa ita ce kada ya kashe injin. Ya tsaya gaban shagon, yatsun ƙafar dama a ƙasa, babur na bubbuga a ƙarƙashinsa.

"A'a, ga mai ƙafar ƙarfe!" in ji Remi, yana fitowa da kofi a hannu. "Mutumina, an ce yanzu in ka wuce maganaɗisu sai an ɓamɓare ka."

"Ƙarfen ya fi naman da kake sayar wa mutane laushi. Ku shanye mu tafi."

"Tara da kwata fa yanzu. Ina kake sauri, ko Maryse ce ta ba ka aron sa'a ɗaya?"

Aka yi dariya. Solange ta leƙo daga ƙofa tana goge hannu. "Basile, kashe mini wannan abin, ana cikin coci. Kullum ni Fada yake wa ƙorafi."

Ya yi kamar bai ji ba. Amma irin wannan injin ba shi da fanka, iskar gudu ce kaɗai ke sanyaya shi, kuma kowa a wurin ya san haka. Minti huɗu, biyar, sai ruwa ya fara tsartuwa ta ƙasa, tururi na tashi tsakanin gwiwoyinsa. Wani cikin samarin ya ce, "Oga, yana tafasa fa." Basile ya dubi tururin, ya dubi agogon coci. Ya sa yatsa ya kashe.

Bai shiga shan kofi ba, don ya san in ya sauka hawa zai zama abin kallo. Remi ya miƙo masa a kan babur ɗin, ya sha bai ji ɗanɗanonsa ba. Tara da rabi ta buga. Masu maɓalli suka danna, Remi ya buga nasa sau biyu ya kama, dandalin ya cika da ƙara. Basile ya fito da kik.

Inji mai zafi ya fi mai sanyi gardama, wannan ma kowa ya sani. Ya taka, ya ja, ya saki, ya faɗa. Shiru. Na biyu, shiru. A na huɗu samarin suka fara duban tayoyinsu, wani ya sunkuya yana gyara takalmin da babu abin da ya same shi. A na shida Remi ya kashe nasa, ya matso dab da shi, ya rage murya.

"Sa giya ta biyu, mu tura ka. Mita goma ne. Babu wanda zai ce komai, na rantse."

"Akwai doka."

"Wace doka? Shirmenka ne na ƙuruciya, mu muka biye maka. Haba, Basile."

Wallahi ya so ya ce to. Kalmar tana bakinsa. Sai idonsa ya kai kan taga, ya ga Baba Firmin, shekara tamanin da huɗu, hannu biyu a kan sanda, yana kallonsa. Babu dariya a fuskar, babu fushi, kallo ne kawai. Basile ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba.

Ya miƙe a kan babur ɗin ya tara duk abin da ya rage masa. Na bakwai ya yi tari ya mutu. A na takwas ya yi gaggawa, bai wuce da shi daidai ba, kik ɗin ya mayar masa. Ba a ji ƙara ba, an dai ga fuskarsa ta yi fari, ƙafar ta sauka tana lilo, ya kwanta a kan tanki yana numfashi ta baki. Yanzu ko an tura shi ba zai iya taka giya ba, balle ya fitar da ƙafa a kwana.

"Ku tafi," ya ce.

"Ba inda za mu."

"Remi, don Allah ku tafi. Tsayuwarku ta fi ciwon zafi."

Ɗaya bayan ɗaya suka ja a hankali, ba wanda ya ɗaga tayar gaba yadda aka saba. Remi ne na ƙarshe, ya ce zai kira Maryse ta zo da mota.

Aka bar Basile a tsakiyar dandali a kan dogon babur, ƙafa ɗaya a ƙasa. Sauka ta gagare shi, ga bango da nisa. Yana nan yana tunanin ta wane gefe zai faɗi, sai ya ji an kama masa kan babur ɗin. Baba Firmin ne, ya rataya sandarsa a hannu, ya riƙe ƙahon da hannayen nan nasa na maƙera.

"Na riƙe. Zamo ta dama, a hankali."

Ya zamo. Su biyu suka ja babur ɗin har bango, tsoho na turawa, gurgu na dafawa. Suka shiga ciki, Solange ta juya baya tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Firmin ya jawo kujera ta biyu kusa da tasa, ya tura wata da sanda don a ɗora ƙafar.

Basile ya cire hular kwano ya ajiye a kan tebur.

"Baba Firmin, maganar da na faɗa maka ranar nan…"

"Sha bakwai," in ji Firmin. "Sau sha bakwai na buga kafin ka buɗe baki. Kai takwas ka yi." Ya ɗan tura tagar ta buɗe. "Matso nan. In iska ta yi daidai, ana jin su har kwanar gada."

Basile ya matsa. Can ƙasa wajen kogi ƙarar tana hawa tana sauka, kuma ya gane ta Remi a cikinsu, ya ji inda ya rage giya da wuri kamar kullum. A ƙarƙashin tebur ƙafarsa ta hagu ta motsa za ta fita, zafin ya tsayar da ita.

"Yaushe ƙafa take daina wannan?" ya tambaya.

Firmin ya kurɓi kofinsa. "Tawa ba ta daina ba."