Farin yadin da ke akwatin Dada

Jama'a, yau na yi ɓarnar da ban san yadda zan gyara ta ba.

Mahaifiyata Dada ta tafi biki Bibemi. Na ce bari in gyara mata ɗakin ajiya kafin ta dawo, don buhuna da tukwane sun cinye wurin. Kafinta ya kafa katakai a bango, na jera komai. A ƙasan tsohon akwatinta na ga farin yadi a naɗe. Ban tambayi kowa ba, halina ke nan. Na kai wa tela, ya yanka shi gida huɗu, ya yi labulen rufe katakan.

Da la'asar ta dawo. Na ja ta ɗakin ina washe baki. Ta taɓa labulen, ta shinshina, sai ta zauna kan buhu.

Ta ce, "Hamadu, ina ka samo wannan?"

Na ce, "A akwatinki, Dada. Na ga ba a amfani da shi."

Ta ce, "Likkafanina ne. Da zamzam na wanke shi a Makka."

Na durƙusa, na ce gobe zan sayo wani.

Ta ce, "Marigayi babanka ne ya riƙe min ɗaya gefen muka shanya shi. Shi ma za ka sayo?"

Tun ɗazu tana warware ɗinkin da reza, ta hana ni taɓawa. Don Allah, wanda ya san malamin da zan tambaya ko likkafani mai haɗi ya halatta, ya kira ni yanzu.