Dagin Saman Ƙofar Masallaci

Shekaranjiya a kasuwar Cadawa na wuce inda wata tsohuwa ta baza ɓawon ɗorawa, warin makuba, wadda magina ke shafe bango da ita, ya bugi hancina. Wallahi sai na ji wani tsohon haushi ya taso mini, wanda na ɗauka ya mutu tuntuni.

Kakanmu magini ne a wani ƙauye kusa da Gazawa. Gini kowa na taɓawa, amma zanen bango sai shi. Idan aka yi yaɓe, tun ƙasa na da danshi yake sa yatsa da guntun sakaina ya fitar da dagi, da takobi, da allo, su taso ɓaro-ɓaro a jikin bango. Aikin ba ya jiran kowa. In ƙasa ta bushe, shi ke nan.

Mu biyu muke koyo a hannunsa, ni ɗan ɗansa, da taubashina, ɗan gwaggona. Kada ka ce yabon kai nake, amma na fi shi hannu nesa ba kusa ba. Dagina yakan rufe tsaf, nasa kuwa kullum kunne ɗaya ya fi sauran. Aibina dai ni bahago ne. An doke hannun nan a bakin akushi har na koyi cin tuwo da dama, amma zane ya ƙi.

Ranin da aka sabunta masallacin garinmu, hannun tsoho ya riga ya fara rawa. Kowa ya san jika ɗaya ne zai hau tsani ya zana dagin saman ƙofa, kuma wanda ya hau shi ne magajin sana'ar. Ni har na gaya wa abokaina su zo kallo.

Da hantsi aka gama yaɓen. Kakanmu ya dubi hannuna, ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙa wa taubashina sakainarsa.

Na ce, "Haba tsoho, ai na fi shi iyawa!"

Ya ce, "Na sani, abokina. Amma ɗakin Allah ne. Ba za a ce hagu ta yi masa ado ba."

Ni aka sa riƙon tsanin. Yana sama yana leƙo ni, yana cewa, "Riƙe da dama, bahago!" Wasan taubasai ne, ba halin fushi. Mutane na dariya, ni ma na yaƙe haƙora. Dagin ya fito a karkace, aka yi ta sa masa albarka.

Shekara da shekaru ina shiga salla ta ƙarƙashin karkataccen dagin nan, kullum sai na ɗaga kai, kullum sai raina ya ɓaci. An ce hassada ga mai rabo taki ce; to na zuba masa taki har ya ishe shi.

Yanzu an rushe masallacin, an yi na siminti da rufin kwano, bango sumul. Ba mai neman mai zane kuma. Ni hatsi nake sayarwa, taubashina kuwa kabu-kabu yake yi tsakanin Gazawa da iyaka. Bara ya goyo ni a moto, na kasa haƙuri, na ce masa har yau dagin nan yana tsaye a wuyana.

Ya rage gudu ya waiwayo. "Wane dagi?"

Na yi masa bayani. Ya yi ta tunani tsakani da Allah, can ya ce, "Af! Ashe ni na yi shi? Ni na ɗauka kai ne."

Ya ƙara wuta muka ci gaba da tafiya. Da ma gori ya yi mini, da na fi jin sauƙi.