Gardamar da Datti Ya Bar Mini a Turken Shanu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, ashirin da huɗu ga Yunin 2025, a ƙarshen watan Zulhajji, ina shagon takin zamani da nake aiki a Gaya, Bashir ya kira ni a waya ya ce yayansa Datti ya cika. Zazzaɓi ne da bai kai mako ba. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa a Balan, ƙasa da sauran danshin ruwan da aka yi.

Datti, ka san ni da rubuta abin da ya faru kowace rana, har kana yi mini ba'a kana kirana Akawu. To shafin wannan Talatar har yanzu kwanan wata ne kaɗai a kansa. Ban tabbata na iya rubutun ta'aziyya ba, amma idan ban yi maka ba, ban san wa zan yi wa ba.

Ka tafi ka bar rabin gonar gyaɗarka ba a huɗe ba, alhali damina ba ta jiran mai makoki. Wannan gonar ce cefanen matarka Lauratu da 'ya'yanku na shekara. Duk Balan an san abin da ya sa taka ta zama ta ƙarshe. Da ruwa ya sauka, gonar Iya Hanne ka fara kai shanunka, tsohuwar da ba ta da ɗa namiji a gari. Daga nan ka bi na maƙwabta, kana cewa taka ba guduwa za ta yi ba. Haka kake yi kowace shekara. Ban manta da daminar da mahaifiyata ta kwanta ba, hanya ta cika da taɓo, babur ya kasa shiga. Ka kwance shanu daga garma a tsakiyar aiki, ka ɗaura musu amalanke, ka shimfiɗa mata tabarma da bargonka, ka kai mu bakin titi. Da na fara yi maka godiya ka ce in yi shiru, kada in tayar da mara lafiya.

Wanda bai san mu ba zai yi mamakin jin cewa abin da ya fi haɗa mu gardama ce a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba. Akwai wani dogon labarin yaƙi da sarauta mai suna Rawanin Toka, wanda ake karantawa da murya, sabon kashi na fitowa a waya kowace Juma'a. Sarkin Birnin Dumsa ne ya mutu bai bar magaji ba, gidajen sarauta suka rabu, sai rundunar mutanen tsauni da aljanunsu suka kewaye birnin. Sadauki Darwanu ya rantse gara a mutu a kan ganuwa. Waziri Kulmasu kuwa ya buɗe ƙofar gabas, abokan gaba suka shigo ba tare da an ƙone gida ko ɗaya ba.

Ni na ce Kulmasu maci amana ne. Kai ka ce shi kaɗai ne ya tuna akwai mata da yara a cikin birnin. A kan wannan muka shafe shekaru.

Bayan la'asar ta kowace Juma'a mukan zauna a gindin tsamiyar da ke bakin turken shanunka, wayata a kan turmin da aka kife. Dokarka ce kada wani ya riga wani saurare. Da an gama sai a fara. Ni in kawo hujja daga kashi na baya, in tuna maka abin da Kulmasu ya faɗa a fada da abin da ya aikata daga baya. Kai ba ruwanka da hujja. Kakan rikita sunaye, ka ba wani sarki 'yar wani, kuma hasashenka ba ya cika. Ka taɓa rantsewa gimbiyar birnin za ta auri Darwanu, a kashi na gaba aka ce ashe yayanta ne. Ka yi dariya har da hawaye ka ce, "To ai marubucin ne ya yi kuskure, Akawu."

Da ka sayi bijiman huɗa biyu, ka sa wa jan suna Darwanu, farin kuma Kulmasu, don kawai ka tsokane ni. Ka ce, "A littafi sun kasa zama inuwa ɗaya. A gonata karkiya ɗaya za su ja." Ba ka tayar da su da bulala. Sai ka dafa tozon farin ka ce, "Mai amana, buɗe mana ƙofa," shi ya fara takawa, jan ya bi. Duk lokacin da nake wurin sai ka ɗaga murya kana kallona. Ka sha cewa in faɗa ko sau ɗaya, ni kuwa na ce har abada bakina ba zai kira Kulmasu mai amana ba.

Bayan sadakar uku, Bashir, wanda ya bar aikinsa a Kano ya zo, ya ɗaura wa shanun karkiya don ya ƙarasa huɗar. Suka tsaya a bakin kunya kamar an dasa su. Ya yi tsawa, ya ja igiya, ya ɗaga sanda. Jan ya fara fizga, farin ya durƙusa ya kwanta. Washegari ma haka. Masu shanun gari kuwa kowa na kan tasa gonar, waɗanda suka yi alkawari sai an yi kwanaki kafin su samu sarari, ga lokacin shukar gyaɗa na wucewa.

Lauratu ce, daga ɗakin takabarta, ta aiko Bashir wurina. Ya same ni ina shirin tafiya Gaya.

"Yaya Hadi, wai ta ce akwai wata magana da yake yi musu. Ita ba ta riƙe ba, wai shirmenku ne na littafi. Ta ce kai ka sani."

Na ce na sani.

"To don Allah zo ka faɗa musu, ni sun fi ƙarfina. Wannan farin taurin kansa irin na mai shi ne."

Na jingine babur na bi shi. Ban taɓa korar shanu ba, kuma ina tafe ina tunanin idan suka ƙi ni ma, da wane ido zan aika wa Lauratu amsa. Bashir ya riƙe garma. Na tsaya kusa da farin, na dafa tozonsa inda hannunka ya saba sauka. Bashir ya kawar da kai. Da kyar na ce, "Mai amana, buɗe mana ƙofa."

Ya kaɗa kunne, ya huci, ya taka. Jan ya bi shi. Garma ta shiga ƙasa.

Ban san ko kalmomin ya gane ba, ko kuwa muryata ce da ya saba ji kowace Juma'a a gindin tsamiya. Na yi ta juya abin a raina ban samu matsaya ba. Abin da na sani shi ne a ƙarshen kowace kunya, idan an juya, sai sun tsaya sai na sake faɗa. Abin da na ƙi furtawa sau ɗaya kana raye, na wuni ina maimaita shi a gonarka, babu mai yi mini dariya. Kunyoyin sun karkace, da ka gani da ka yi mana tsiya. Amma an gama, kuma gyaɗar ta tsiro.

Juma'o'in ne suka yi mini tsawo, Datti. Sababbin kashi suna shigowa wayata, ban buɗe ko ɗaya ba. A zauren masu sauraron labarin na waya ana ta cacar baki, wai an fara bayyana dalilin Kulmasu na buɗe ƙofa. Da na ga an soma zancen sai in kife wayar. Akwai mutane da yawa a can masu ra'ayi irin nawa, sun ma fi ni iya kawo hujja. Sai yanzu na gane ba mai goyon bayana nake nema ba. Idan ta tabbata kai ne da gaskiya, babu wanda zai tashi ya yi mini rawa a gaban shanu. Idan ni ne, babu wanda zai ce marubucin ne ya yi kuskure. Har yanzu ban yarda da Wazirinka ba. Amma na san mutum ɗaya da yake fara tuna mata da yara kafin kansa, wato kai, kuma wataƙila shi ya sa ka gane Kulmasu tun farko.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Datti, Ka yafe masa kurakuransa. Ka yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya yalwata wa mutane da ƙarfinsa da shanunsa. Ka sa kowace kunya da ya huɗa wa wani ta zama nauyi a mizaninsa, Ka buɗe masa ƙofar Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Lauratu da danginta na Gafasa, da 'ya'yansa Khaula da Juwairiyya, da ƙaninsa Bashir, da Iya Hanne wadda ta ce ita ma ɗa ta rasa, da dukkan mutanen Balan. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya sa albarka a gonar. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Bashir ya koma Kano. Shanun suna nan a turke, kuma Lauratu ta ce ba za a raba su ba. Ran Juma'a bayan la'asar ni nake kai musu harawa.

Hadi Bala, Balan