Tabaran Baba Shiru

Kowace Talata da Alhamis, awa guda kafin kowa ya iso, Baba Shiru ya riga ya buɗe zauren da muke gwaji. Zai jera kujeru talatin da takwas, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa, wadda ya ji tana rawa ya cusa mata takarda a ƙafa. Zai ajiye wa kowane makaɗi takardarsa, ya fere fensir biyu, ɗaya nasa, ɗaya na wanda zai manto nasa a gida. Sannan ya koma can ƙuryar baya, ya zaro farantansa biyu na tagulla, irin waɗanda ake gwarawa su ba da ƙara, ya goge su da tsohuwar singileti. Haka ya yi shekara talatin da huɗu a ƙungiyar badujalarmu. Watan jiya ya ajiye aiki.

An ce in rubuta masa jinjina, na ce to. Na rubuta na yaga har sau huɗu. Ba abin yabo na rasa ba. Matsalar, jama'a, ita ce har yanzu ban gane mene ne ainihin aikin mutumin nan ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ƙara ɗaure mini kai.

A rubuce dai, aikinsa gwara faranti. A kiɗan minti ashirin, wataƙila sau uku zai gwara. Akwai wanda sau ɗaya ne tak. Takardar kiɗa a yanke take gida-gida, kuma duk wanda ba ya busa ko bugu dole ya riƙa ƙirga gidajen a zuci har nasa ya zo. Baba yakan ƙirga gida ɗari da goma sha biyu, baki a rufe, saboda ƙara ɗaya. A nan ya samo sunansa. Dogo mai babban ƙaho yakan tsokane shi, ya ce, "Haba Baba, mu mu busa har huhu ya nemi fitowa, kai ka yi tafi ɗaya a ce maka makaɗi?" Sai Baba ya ce, "Kai busa kake yi, ni jira nake yi. Zo ka gwada nawa mu gani."

Ni ba makaɗi ba ne, ni ne mai labari. A irin wasanmu, kiɗa yakan tashi ya cika zaure, sai ya sassauta, mutum ɗaya ya tsaya a gefe ya karanta labari a kan kiɗan, ya yi shiru, kiɗa ya sake ɗauka. Murya kawai aka ji aka ɗauke ni. Takardar kiɗa kuwa, a wurina ba ta da maraba da sawun kaji a kan yashi. In na shiga da wuri, ƙahoni su haɗiye ni. In na makara, maganata ta faɗa cikin ganguna.

Ranar gwajina na farko, Mai Sanda, wato shugabanmu da ke tsayawa a gaba yana kaɗa sanda, ya ce, "Da zarar na nuna ka, ka shiga." To bawan Allahn nan hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, duk inda ya wulga sai in ga ni yake nunawa. Na shiga sau biyar, duka biyar ba a nan ba ne. A na shida na gyara murya na ce, "Sai gari ya yi tsit," daidai lokacin da ganguna suka ɓarke. Anti mai sarewa ta yi dariya har da hawaye. Na naɗe takardata na nufi ƙofa, ba da niyyar dawowa ba. A bakin ƙofar ne Baba ya riƙe mini hannun riga.

"Ɗana, rabu da kallon sandar nan, za ta haukata ka," in ji shi. "Ni za ka riƙa kallo. In na tura tabarau sama da yatsa, ja numfashi. In na sauke hannu, yi magana. Kuma kada kowa ya ji."

Shekara goma sha tara ke nan ina cin abinci da tabaran nan. Mutane na cewa mai labarin nan kiɗa a jininsa yake. Ina jin kunya, amma ina karɓar yabon, wallahi ban taɓa mayarwa ba. Kai ne, Baba, ka tsaya a baya inda fitila ba ta kaiwa, ka bar ni a gaba ina shan tafi. Ko sau ɗaya ba ka taɓa yi mini kallon ka san asirina ba.

Saboda haka ranar da ya ce zai sauka, na san asirina ya kusa tonuwa. Wasanmu na gaba saura mako uku, kuma sai an yi gida arba'in da bakwai kafin kalmata ta farko. Ni da ƙirgata ba ta wuce ashirin ba ta watse! Na rubuta takardar ajiye aiki na sa a aljihu. Na ce kafin in miƙa, bari in sauke nauyin da ke raina, in gaya wa Anti gaskiya.

Ta saki baki tana kallona. "Tabarau? Wane tabarau kuma? Ai kafaɗarsa ta hagu ce." Ta ce tun zuwanta, in ya ɗaga kafaɗar nan ne take kai sarewa baki. Ta tuna mini ranar da fanka ta kwashe takardunta ana tsakiyar wasa, ta watsa su ƙarƙashin kujeru, amma ba ta kuskure ko shiga ɗaya ba. Duk mun ɗauka haddarta ce. Ashe kafaɗar Baba ce.

Muka je wa Dogo. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ku ma? Ni fa ƙafarsa nake bi. Kuma ya ce kada kowa ya ji."

Daga nan na wuce ofishin Mai Sanda, na zayyana masa komai. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya yi ƙasa da murya. "Ka san hankicin nan da yake goge goshi da shi? To a wuraren da ake canja gudu, shi nake jira."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to wa ke jan ƙungiyar nan?"

Ya ce, "Ni mana." Ya kalli sandarsa. "Ina ji."

Ikon Allah! Shekara da shekaru ina ganin dattijon nan yana ɗaga kafaɗa, yana motsa ƙafa, yana goge goshi, na ɗauka ƙaiƙayin tsufa ne. Yaya mutum ɗaya zai riƙe ƙirgar mutum huɗu, ko ma fiye, ya kuma riƙe tasa ɗari da goma sha biyu? Na tambayi kaina har kaina ya yi ciwo, ban samu amsa ba.

Ranar Lahadi da la'asar na je gidansa. 'Yarsa ta fari ce ta buɗe mini, ta ce, "Yaya, ka zauna ta damansa, kuma ka ɗaga murya." Ban gane dalili ba, amma na yi yadda ta ce. Bayan mun gaisa na miƙa masa takardar ajiye aikin. Zai fara karantawa ya tura tabarau sama, ni kuwa ban san lokacin da na ja numfashi ba. Ya yi dariya har da tari.

Da ya gama karantawa ya ninke ta ya mayar mini. "Ɗana, yau shekara uku kunnena ya yi nauyi. Ganguna ina jin su a tafin ƙafa, ba su da matsala. Amma inda ake sassautawa saboda maganarka, ba na jin komai, sai ƙirgar ta ɓace mini. To sai in kalli ƙirjinka. In na ga ka ja numfashi, sai in tura tabarau."

Na ce, "A'a Baba, ai ni tabaran nake jira kafin in ja numfashin!"

"Haka kake zato. Kai kake riga ni."

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Da na gaya maka, da ka fara tunani. Mai tunani makara yake yi." Ya nuna kunnensa. "Shi ya sa na sauka. Malamin da ya fara leƙa amsa a takardar ɗalibinsa, lokacinsa ya yi."

Na fito daga gidan na fi yadda na shiga ruɗewa. Ina binsa, yana bina, to wa ke gaba? Na so in yi fushi, na rasa da wa. Na so in yi kuka, kuma na yi kaɗan a cikin mota. Shekara uku dattijon nan yana tsaye cikin shirun da ba wanda ya san da shi, yana ci gaba da tura tabarau don kada gwiwata ta yi sanyi.

Ranar wasa ta zo, Asabar da yamma, takardar ajiye aikin tana aljihuna. Wata sabuwa ce ke riƙe da faranti, kuma ba ta sa tabarau. Na duba cikin jama'a na hango Baba a layi na uku. Na ce alhamdu lillahi, ya zo ceto. Kiɗa ya tashi. Muka haɗa ido. Sai mutumin nan ya cire tabaran, ya ninke, ya sa a aljihu, ya harɗe hannu. Wayyo ni! Na kama ƙirga, a gida na sha tara ta watse. Ƙahoni suka sauka, ganguna suka ja da baya, sai kawai na ji ƙirjina a cike, na ji muryata tana fita ta lasifika. Sarewar Anti ta shigo a ƙarƙashin maganata daidai wurinta. Kada ku tambaye ni yadda aka yi, don ban sani ba.

Ana tashi na kutsa wurinsa, na sunkuya ta damansa na ce, "Baba, na shiga daidai?"

Ya ce, "Ni ina na sani? Ban ji ba, kuma ba tabarau ban gani ba. Kai za ka gaya mini."

Na tsaya na yi tunani. Na ce, "Daidai na shiga." Wannan ne karo na farko a shekara goma sha tara da na faɗi haka ba tare da na kalli kowa ba.

Baba Shiru, mai jiran da ba ya gajiya, mun gode. Kai ne ka ƙirga mana gidajen da ba mu iya ƙirgawa ba, ka rufa mana asiri ɗaya bayan ɗaya, har muka iya ba mu san mun iya ba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara maka lafiya. Ku kuma masu karatu, ku waiwaya bayanku a wurin aiki, akwai wani can a ƙurya da ke riƙe muku ƙirga. Ku gode masa tun yana iya ji. In kuma ku ne aka bai wa ƙuryar, ku riƙe wa na gaba kamar yadda Baba ya riƙe mana.

Har yanzu ban san sunan aikinsa ba. Amma ranar Talatar nan ni na riga kowa zuwa zauren. Na jera kujeru, na bi su ina girgizawa, na tarar ta Dogo tana rawa. Na laluba aljihu, na zaro takardar ajiye aikin nan, na ninka ta huɗu, na cusa mata a ƙafa. Ta zauna daram.